Kuɗin Rusau da Kuɗin Gyara: Waiwaye a Kan Tarihin Tsara Tsakiyar Birnin Greensboro

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin tsakiyar birnin Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, tun daga kafa garin a 1808 har zuwa aikin koriyar hanyar da aka shata domin ta kewaye tsakiyar birnin a wannan ƙarni. An kwatanta zamani biyu: zamanin da aka rushe unguwannin baƙar fata da sunan sabunta birni, da zamanin da aka dawo ana neman gyara abin da aka ɓata. Maƙalar ta nuna cewa hanyar da kuɗin aiki ya biyo ita ce ta yanke siffar aikin da saurinsa, ita ce kuma ta tantance wanda aka lissafa da wanda aka manta. An kawo misalin Kano a inda ya dace.

1.0 Gabatarwa

Galibin waɗanda suka san sunan Greensboro a wajen Amurka sun san shi ne saboda abin da ya faru ranar 1 ga Fabrairun 1960. A ranar ce ɗalibai huɗu baƙar fata na kwalejin noma da fasaha ta A&T, wato Ezell Blair ƙarami da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka shiga kantin Woolworth da ke Titin Elm ta Kudu, suka zauna a kujerun cin abinci da aka keɓe wa farar fata, suka ƙi tashi. Kafin Yulin shekarar ya ƙare kantin ya sauko, ya fara sayar wa kowa abinci. Blair ya musulunta daga baya, ya koma Jibreel Khazan.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne makomar hanyar da ta haɗa kwalejinsu da kantin, wato Titin Market ta Gabas. A 1960 titin cike yake da shagunan baƙar fata: masu aski, gidajen abinci, ofisoshin likitoci, gidan silima. Ba a yi shekara goma sha biyar ba aka share mafi yawansu, aka faɗaɗa titin ya koma layi shida. Mutanen da suka sami 'yancin zama a kantin wani sun rasa kantunansu a cikin zamani guda. Tarihin tsakiyar Greensboro daga nan zuwa yau tarihi ne na wannan rusau da na ƙoƙarin gyara shi.

Mai karatun Hausa yana da dalilin sauraron labarin. Greensboro na cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa, kuma ana jin Hausa da Zabarmanci a masallatanta da shagunanta. Bayan wannan, kalmomin da ake sayar wa biranenmu a yau, su “ɗorewa” da “sabunta birni” da “birnin zamani”, an taɓa sayar wa wannan gari su, kuma ya daɗe da karɓar sakamako.

2.0 Kotu, Dogo da Masaƙa

Greensboro gari ne da aka haifa da awo. Mazauna gundumar Guilford sun nemi a mayar da kotunsu tsakiyar gunduma domin kada wani ɓangare ya fi wani nisan tafiya. A 1808 aka sayi eka 42 a hannun Ralph Gorrell a kan dala 98, aka yanka filaye, aka dasa kotu a mahaɗar titunan Elm da Market, aka sa wa garin sunan Janar Nathanael Greene wanda ya gwabza da sojan Ingila a kusa da wurin a 1781. Babu babban kogi a nan, babu tashar ruwa, babu tsohuwar kasuwa. Sai da aka kai 1870 mutanen garin ba su cika 500 ba.

Dogo ne ya tayar da shi. John Motley Morehead, wanda ya yi gwamnan jihar daga 1841 zuwa 1845 kuma gidansa na Blandwood ke nan tsaye har yau, ya yi amfani da faɗa-a-jinsa aka karkato layin dogon jihar ya bi ta garinsu. An kammala layin a 1856. Wasu layukan suka biyo baya, ciki har da na Cape Fear da Kwarin Yadkin a shekarun 1880, har aka riƙa yi wa garin kirari da “Birnin Ƙofa”. Dogon ya jawo masaƙu. 'Yan'uwa biyu, Moses da Ceasar Cone, suka kafa masaƙar Proximity a tsakiyar shekarun 1890, sannan White Oak a 1905, wadda ta shahara a duniya da yadin jins. Kamfanonin inshora suka zo da nasu jarin, kuma a 1923 aka gama benen Jefferson Standard, wanda ya fi kowane gini tsawo a jihar a lokacin. A wannan shekarar ce aka faɗaɗa iyakar gari daga murabba'in mil 4 zuwa kusan 18. Yawan jama'a ya tashi daga 19,861 a 1920 zuwa 53,569 a 1930.

Ya kamata a lura da siffar wancan gari, domin ita ce masu tsara birane na yau suke kashe miliyoyi suna neman dawo da ita. Shaguna a ƙasa, ofisoshi da ɗakuna a sama, tarago mai aiki da lantarki yana ratsa tituna tun 1902, sannan motocin safa masu jan wuta daga wayar sama suka gaje shi daga 1934 zuwa 1956. A 1927 aka buɗe babbar tashar jirgin ƙasa a Titin Washington. Mutum yana iya sauka daga jirgi ya isa kotu da banki da otal duk a ƙafa. Sai dai tashar tana da ɗakunan jira biyu, ɗaya na farare ɗaya na baƙaƙe, kuma haka garin gaba ɗaya yake.

3.0 Unguwannin da Aka Yi wa Jan Layi

A kudu da tsakiyar gari akwai Warnersville. Yardley Warner, ɗan ɗariƙar Quaker daga Philadelphia, ya sayi eka 35 da rabi a 1867, ya yanka ta filaye yana sayar wa 'yantattun bayi da sauƙin farashi. Harmon Unthank, kafinta wanda shi ma tsohon bawa ne, shi ya zama wakilin sayarwa kuma uban unguwa. A ƙarƙashin wata majami'a ta wannan unguwa aka fara karatun da ya zama Kwalejin Bennett a 1873. A gabas kuma, bayan layin dogo, kwalejin A&T da aka kawo garin a 1893 da ita Bennett suka zama ginshiƙan wata unguwar, wadda Titin Market ta Gabas ne kasuwarta.

Waɗannan unguwanni ba su tsaya inda suke don son ransu ba. A 1914 majalisar gari ta yi dokar raba wuraren zama bisa launin fata. Kotun Ƙolin Amurka ta soke irin waɗannan dokoki a 1917, amma sharuɗɗan da ake rubutawa a takardun mallaka da halayyar bankuna suka ci gaba da yin aikin da dokar ta bari. A 1936 wata hukumar lamunin gidaje ta tarayya ta zana taswirar Greensboro, kamar yadda ta yi wa birane da dama, ta raba unguwanni daraja huɗu, ta shafa wa na baƙar fata jan launi, alamar cewa ba da bashi a can kasada ce. Masana na jayayya a kan ko taswirar ce ta haddasa rashin bashin ko kuwa ta rubuta abin da bankuna suka riga suka saba yi. Ko wanne ne, sakamakon ɗaya ne. Gidan da ba a ba mai shi bashin gyara zai tsufa, titin da hukuma ba ta zuba wa kwalta ba zai zama taɓo da damina. Bayan shekara ashirin sai hukuma ta dawo da jami'anta suna ƙirga ɗakunan da ba su da bayan gida na zamani, suka rubuta cewa unguwa ta ruɓe.

A nan ne batun kuɗi ya shigo, kuma a nan ya kamata a daɗe. Dokar gidaje ta tarayya ta 1949 ta tsara aikin kamar haka: hukumar gari za ta ayyana wani yanki a matsayin ruɓaɓɓe, ta karɓe filayen da ikon doka, ta rushe gine-gine, ta sayar da filin ga masu gini a farashin da bai kai abin da ta kashe ba. Giɓin da ke tsakani, gwamnatin tarayya za ta biya kashi biyu cikin uku. Kashi ɗayan da ya rage wa gari ma ba lalle ne ya biya shi da tsabar kuɗi ba, ana iya lissafa masa titi ko makaranta ko magudanar ruwa da ya gina a yankin. Ma'ana, magajin garin da ke son sabon titi yana iya samun titinsa, ya kuma mayar da shi kasonsa na aikin rusau. Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta zo da tayin da ya fi wannan: tarayya ce ke biyan kashi 90 cikin ɗari na hanyoyin da suka haɗa jihohi. Babu irin wannan tayi mai tsoka ga wanda ke son gyara tsohon shago ko ci gaba da tafiyar da safar lantarki. Shekarar da aka sa hannu a dokar hanyoyin ita ce shekarar da safar lantarki ta daina yawo a Greensboro.

Jihar Karolina ta Arewa ta yi tata dokar sake gina birane a 1951, Greensboro kuma ta kasance cikin na gaba-gaba wajen kafa hukumar da za ta zartar da ita. Kotun Ƙolin Amurka ta halatta karɓe filaye don irin wannan aiki a 1954. Kotun ƙolin jihar ta bi sahu a 1960, a wata shari'a da ita hukumar Greensboro ce ta shigar. Wato a shekarar da ɗalibai ke zaune a kantin Woolworth, a shekarar ce aka share wa katafila hanya. Aka fara da yankin Cumberland a gabas, aka bi da wasu yankuna, har aka iso Warnersville a shekarun 1960. Daga unguwar da ta shekara kusan ɗari, abin da ya tsira a lokacin bai wuce makarantar J. C. Price da maƙabartar Union ba, ita ma makarantar an rushe ta daga baya. A wani ɓangaren filin aka gina gidajen gwamnati na Hampton Homes.

Adalci ne a faɗi cewa wasu iyalai sun koma gidajen da suka fi nasu na dā inganci, masu famfo da wutar lantarki, kuma akwai shugabannin baƙar fata da suka goyi bayan aikin da farko saboda wannan alkawari. Masu tsara aikin ba duka ne mugaye ba. Da yawansu sun gaskata abin da aka koya musu a makaranta, cewa birni na zamani shi ne mai faffaɗan titi da rabe-raben wuraren zama da na kasuwanci. Laifin yana cikin abin da ma'auninsu ke iya gani. Yana ganin rufin da ke yoyo, ba ya ganin cewa mai askin nan shekara talatin ke nan yana tara abokan ciniki, ko cewa mai kantin can yana ba maƙwabta bashi har ƙarshen wata. Dokar 1949 ba ta tanadi ko sisi na kuɗin ƙaura ba. Sai a 1956 aka amince da biyan iyali abin da bai wuce dala 100 ba, ɗan kasuwa kuma dala 2,000. Mai gini yana karɓar diyyar gininsa, ɗan hayar da kasuwancinsa ke cikin ginin kuwa kuɗin kwashe kaya kawai yake samu. Gommai na shagunan Titin Market ta Gabas suka watse, kaɗan ne suka sake buɗewa a wani wuri. Ba banza ba marubuci James Baldwin ya bayyana shirin a 1963 a matsayin korar baƙar fata da aka sa wa suna mai daɗi. Lokacin da majalisar tarayya ta gyara dokar diyya a 1970, ihu ne bayan hari, kuma a 1974 aka naɗe shirin baki ɗaya.

4.0 Yadda Cibiya ta Bushe

An yi duk wannan ne domin a ceci tsakiyar gari, sai ya zama gyaran gangar Abzinawa. Titunan da aka buɗe don shigo da masu sayayya su ne suka fitar da su. Rukunin shaguna na Friendly ya buɗe a 1957, na Four Seasons a 1974 a bakin babbar hanya, na Carolina Circle a 1976. Manyan kantunan Titin Elm suka bi abokan cinikinsu. An tarwatsa otal ɗin King Cotton da nakiya a 1971, aka rushe na O. Henry a 1979, kuma a wannan shekarar ce jirgin fasinja ya daina tsayawa a tashar 1927, aka mayar da shi wata 'yar tasha a yammacin gari. A gefen gabas aka shimfiɗa Titin Murrow mai layi shida, wanda ya zama tamkar ganuwa tsakanin tsakiyar gari da unguwannin baƙar fata, ganuwar da ba ta da ƙofofin kirki ga mai tafiya a ƙafa. Filayen da aka share da yawa sun ƙare a matsayin wuraren ajiye motoci. Shi kansa kantin Woolworth ya rufe a 1993. Carolina Circle, wanda aka gina da sunan makoma, bai cika shekara talatin ba aka rushe shi.

5.0 Gyara da Kuɗin Karo-karo

Ƙarshen shekarun 1990 ya zo wa garin da rushewar masana'antun saƙa da taba da kayan ɗaki, waɗanda su ne ƙashin bayan yankin. White Oak ta yi ta jan ƙafa har Disambar 2017 kafin ta rufe. A wannan hali ne gidauniyoyi shida na garin suka haɗu a 2001 suka kafa ƙungiyar Action Greensboro, suka ɗauki nauyin sabon tsarin tsakiyar birni. Wannan karon babu wani asusun tarayya mai biyan kashi biyu cikin uku. Kowane aiki sai an haɗa masa kuɗi daga nan da can: kyautar gidauniya, wasiyyar mai arziki, bashin da masu zaɓe suka amince gari ya ci, da ɗan abin da aka samo daga asusun sufuri na jiha da na tarayya.

Ayyukan da suka fi saurin tabbata su ne waɗanda suka sami mai ba da kyauta guda ko kaɗan. Filin wasan ƙwallon gora ya buɗe a 2005, dandalin Center City a 2006, dandalin LeBauer a 2016 da wasiyyar dala miliyan 10 da Carolyn Weill LeBauer ta bari, sannan zauren wasanni na Tanger mai kujeru kusan 3,000 a 2021. Duk suna da amfani, kuma sun dawo da jama'a Titin Elm da yamma. Amma a ganina ayyukan da suka fi cancantar kalmar ɗorewa su ne waɗanda ba a gina su daga tushe ba. Tashar 1927 ta tsira saboda ba a kai ga rushe ta ba. An gyara ta, aka mayar da ita matattarar motocin safa a 2003, jirgin fasinja ya dawo cikinta a 2005. Ginin Woolworth ya tsira saboda Melvin Alston da Earl Jones, 'yan siyasa biyu baƙar fata, sun kafa ƙungiyar da ta saye shi bayan rufewarsa, kuma sai ranar 1 ga Fabrairun 2010 ya buɗe a matsayin gidan tarihi, shekara goma sha bakwai bayan an fara neman kuɗin. Gidan Magnolia da ke Titin Gorrell, masaukin matafiya baƙar fata a zamanin wariya, shi ma ya tsallake katafila, ya dawo yana karɓar baƙi. Siminti da ƙarfe da tubalin waɗannan gine-gine an riga an biya kuɗinsu, an riga an ƙona makamashin yin su tun zamanin kakanni.

Sabon abu ba ya zuwa da wannan tabbaci. A 2019 Greensboro ta zama birni na farko a jihar da ya sa motocin safa masu batir a kan titi, shekara sittin da uku bayan ya kwance wayoyin safar lantarkinsa. Kamfanin Proterra da ya ƙera motocin ya shiga kotun fatara a 2023, wanda hakan ya jefa biranen Amurka da dama da suka sayi motocinsa cikin wahalar kayan gyara.

Aikin da ya fi bayyana yanayin wannan zamani shi ne wanda suke kira Downtown Greenway, koriyar hanya ta masu ƙafa da masu keke, mai tsawon mil 4, da aka tsara ta zagaye tsakiyar gari. Tana cikin tsarin 2001. Aka zaɓe ta a matsayin babban aikin bikin cikar garin shekara 200 a 2008, kuma a shekarar masu zaɓe suka amince da bashin gyaran tituna wanda ya ware mata dala miliyan 7. Sashen farko da aka gina ya bi ta gefen Warnersville. Daga nan aka riƙa yin ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da nata kuɗin da nata cikas. A gabas aka karɓe wani ɓangare na kwaltar Titin Murrow, aka rage layukan mota, aka dasa itatuwa, aka yi mashigai. A kusurwar kudu maso gabas aka kafa wani aikin fasaha na Radcliffe Bailey don tunawa da gwagwarmayar 'yanci. Na taka wannan sashe da ƙafata. Motoci na nan suna gudu, amma tsohuwa mai sanda tana iya tsallakawa.

Ɓangaren yamma ne ya fi cin rai. Hanyar ta bi tsohon layin dogon Atlantic da Yadkin, magajin wancan na Cape Fear, wanda ke hannun kamfanin Norfolk Southern. An shekara da shekaru ana ciniki kafin a daidaita a 2019, kuma ginin bai fara ba sai 2024, tare da gyaran rafin College Branch da ke bin gefen layin. Dokar da aka bi wajen karɓar layin tana da ban sha'awa. Wani gyara da aka yi wa dokar hanyoyin ƙafa ta tarayya a 1983 ya ba da damar ajiye layin dogon da aka daina amfani da shi: ana cire ƙarafa a shimfiɗa hanyar ƙafa, amma filin yana nan a dunƙule, ba ya komawa hannun maƙwabta yanki-yanki, kuma in buƙatar jirgi ta dawo ana iya mayar da shi. Wanda ya ga yadda aka yanyanka filayen hukumar jiragen ƙasa a garuruwanmu zai gane darajar wannan tanadi.

A daidai wannan lokaci ana gina wani zoben. Babbar hanyar mota da ta kewaye Greensboro gaba ɗaya, mai tsawon kusan mil 40, an fara buɗe sassanta a farkon shekarun 2000, aka haɗe ta a Janairun 2023. Tana da asusun jiha da aka ware tun 1989 domin irin waɗannan hanyoyi. Ranar da aka buɗe sashenta na ƙarshe, ba a ko sa harsashin ɓangaren yamma na hanyar ƙafa mai mil 4 ba.

Akwai kuma abin da gyaran bai taɓa ba. Hanyar ƙafa ta ratsa Warnersville, ta kafa alamomin tunawa, amma ba ta mayar wa kowa fili ba. An kafa ƙungiyar raya Titin Market ta Gabas a shekarun 1990, an ƙawata titin, an gina wasu sababbin shaguna, sai dai jarin da ya kamata ya gangaro daga kaka zuwa jika ya riga ya yanke. Tunda gidauniyoyi ne ke riƙe da babban kaso na kuɗin, su ne kuma suka fi faɗa a kan abin da za a fara yi, kuma ba zaɓensu aka yi ba. William Chafe, a littafinsa na 1980 a kan Greensboro, ya nuna yadda manyan garin suka ƙware wajen sauraron koke cikin ladabi ba tare da sakin ragama ba. Garin ya gwada wata hanya daga 2015, inda ya zama na farko a kudancin Amurka da ya bar mazauna su zaɓi ayyukan da za a yi da wani kaso na kasafi. Kason dala 500,000 ne, a raba wa mazaɓu biyar.

6.0 Daga Titin Market Zuwa Ƙofar Na'isa

Ba a kwatanta Greensboro mai mutum 299,035 a ƙidayar 2020 da Kano mai miliyoyi kai tsaye. Ita tana neman jama'ar da za su cika titunanta, Kano kuwa jama'a sun yi wa titunanta yawa. Duk da haka akwai wuraren da tarihin ya yi kama. Kano ma ta san rabon gari da doka: dokar garuruwa ta 1917 da tazarar yadi 440 da Turawa suka riƙa bari tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa, da Sabon Garin da aka keɓe wa baƙi. Ta san tsarin da aka rubuta aka ajiye, irin na Trevallion na shekara ashirin daga 1963 zuwa 1983. Ta kuma san saurin da aiki ke yi idan na titi ne. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, aka sake gina ta da siminti. Gadar sama ta Ƙofar Nassarawa ta tashi cikin wa'adin mulki guda. An rufe Jakara aka ɗora mata titi, kududdufai da dama da ke shanye ruwan birni an cike su an yi gini, ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 kuma ta jawo muhawara mai zafi a kan gine-ginen da aka ɗora bisa hanyar ruwa.

Gada tana da kwangila guda da ɗan kwangila guda da ranar yanka ƙyalle, saboda haka tana samun gurbi a kasafi. Yasar magudana da gyaran badala da shimfiɗa gefen titi na masu ƙafa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Inda kamannin ya fi ƙarfi shi ne diyya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka a fili, kuma mai ginin ko shukar ne ke karɓa. Telan da ke haya a shagon, da mai shayin da ke bakin ƙofarsa, da mai gyaran waya da ya kafa tebur a inuwarsa, matsayinsu a takarda shi ne matsayin mai askin Titin Market ta Gabas kafin 1956. Idan aka zo ƙidayar waɗanda aikin faɗaɗa titi zai shafa, jami'i yana auna bango da rufi, ya rubuta sunan mai gini, ya wuce shago na gaba.